Yadda Ake Kai Manhaja Bango da Gangan: Gwajin Iyakokin Linux da Python

Manhajar da aka gina a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai gigabait 16 na RAM ba ta san ƙunci ba. Tana buɗe fayil ta bar shi a buɗe, ta kwashi jadawali gaba ɗayansa ta zuba a ma'adanar wucin gadi, kuma babu abin da zai same ta, domin kafin minti goma maginin ya kashe ta ya sake kunnawa. Sai ranar da aka ɗora ta a kan ƙaramar uwar garke ta haya, irin mai gigabait ɗaya da yawancinmu ke iya ɗauka tunda da dala ake biya, aka bar ta tana aiki dare da rana, sannan halinta zai fito. A wayi gari a tarar da saƙon `Too many open files`, ko kuma kalma ɗaya tak, `Killed`, babu wani ƙarin bayani.

Tushen waɗannan saƙonni ba manhajar ba ce. Babbar manhajar kwamfuta ce ke yi wa kowane furoses, wato kowane shiri da ke kan gudana, rabon abin da zai ci: fayil nawa zai riƙe a buɗe, girman fayil ɗin da zai iya rubutawa, daƙiƙa nawa zai yi a kan CPU, da faɗin ma'adanar da zai nema. Kuma kowace iyaka da irin hukuncinta. Wata za ta mayar maka da kuskuren da za ka iya kamawa, wata ta aiko da sigina, wata kuwa ta kashe furoses ɗin nan take ba tare da ya samu damar cewa uffan ba. A ganina duk gwajin da bai taɓa kai manhaja ga waɗannan iyakoki ba, rabin gwaji ne, domin ɓangaren manhajar da ke kula da irin wannan yanayi shi ne wanda ba a taɓa gudanar da shi ba sai ranar da aka fi bukatarsa.

Kayan aikin tsofaffi ne. Kiraye-kirayen `getrlimit`, `setrlimit` da `getrusage` sun fito ne da 4.2BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983, kuma har gobe su ake amfani da su a Linux da macOS da FreeBSD. Python na da ƙunshi mai suna `resource` da ke kai ka gare su kai tsaye. Babu shi a Windows. Mai Windows sai ya yi aikin a cikin WSL 2, inda akwai kanel ɗin Linux na gaske, wato zuciyar babbar manhajar.

Ƙaramar iyaka da babba

Fara da dubawa, kafin ka taɓa komai:

```python
import resource

karama, babba = resource.getrlimit(resource.RLIMIT_NOFILE)
print(karama, babba)
```

Lamba biyu za ka gani. Ta farko ita ce ƙaramar iyaka, wadda kanel ke aiki da ita a yanzu. Ta biyu ita ce babba, wadda ƙaramar ba za ta wuce ba. Kamar dangar kara ce a cikin gida mai katanga: mai gida na iya matsar da dangar gaba ko baya yadda ya so, muddin bai tsallake katangar ba. Furoses na da ikon ɗaga ƙaramar har ta taɓa babbar, yana kuma da ikon rage babbar kanta. Abin da ba zai iya ba shi ne mayar da babbar bayan ya rage ta, sai dai in yana da izinin da Linux ke kira `CAP_SYS_RESOURCE`. In ya gwada babu izinin, Python zai jefa `ValueError`.

A allon umarni, `ulimit -Sn` na nuna ƙaramar iyakar fayiloli, `ulimit -Hn` na nuna babbar, `cat /proc/self/limits` kuma na jero duka iyakokin a wuri ɗaya. A yawancin na'urorin Linux ƙaramar 1024 ce, a macOS 256. Babbar kuwa, tun daga systemd 240 da ya fito a ƙarshen 2018, takan kai 524288. An bar ƙaramar a 1024 ne da gangan, saboda tsohon kiran `select` ba ya iya aiki da lambar fayil da ta kai 1024, kuma akwai manhajoji da yawa da har yanzu suke dogara da shi.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane a nan shi ne alamar rashin iyaka. Python na kiranta `resource.RLIM_INFINITY`, kuma a yawancin nau'o'insa a kan Linux, in ka buga ta, -1 za ka gani. Don haka wanda ya rubuta `min(babba, 4096)` da niyyar kada ya wuce 4096, zai iya samun -1, wato ya cire iyakar gaba ɗaya. Kullum ka kwatanta da sunan, kada ka kwatanta da lamba.

Kada ka yi gwajin a jikinka

Duk furoses ɗin da aka haifa yana gadon iyakokin ubansa, amma abin da ɗan ya canza ba ya komawa kan uban. Wannan ita ce ƙa'idar da duk sauran aikin ya hau kanta: ka rage iyaka a cikin ɗa, uban ya tsaya gefe yana kallon yadda za ta kaya. In ka rage ta a cikin furoses ɗin da ke gudanar da `unittest` ko `pytest`, shi kansa mai gwajin ka ɗaure. Ba zai iya buɗe fayil ya nuna maka layin da aka samu matsala ba, iyakar CPU kuma za ta tafi da shi tare da sakamakon duk gwaje-gwajen da suka gabata.

Gaskiya ne cewa masu gina Python, a fayil ɗinsu na `test_resource.py`, suna rage iyakar girman fayil a cikin furoses ɗin gwajin, sannan su mayar da ita a cikin `finally`. Wannan na yiwuwa ne saboda ƙaramar kaɗai suke taɓawa. Ni dai na fi son hanya ɗaya da za ta yi aiki ga kowace iyaka:

```python
import signal, subprocess, sys, textwrap, unittest

def gudanar(umarni, jira=20):
    return subprocess.run(
        [sys.executable, "-c", textwrap.dedent(umarni)],
        capture_output=True, text=True, timeout=jira)
```

Ɗan ne zai sa wa kansa iyaka a layukansa na farko. Za ka ga wasu suna amfani da `preexec_fn` na `subprocess` don wannan aiki, amma takardun Python da kansu sun yi gargaɗin cewa yana iya sa ɗan ya cije in uban na da zaruruwa fiye da ɗaya a kan aiki. Shi kuwa `timeout` kada ka taɓa cire shi. Manhajar da aka matse wani lokaci ba mutuwa take yi ba, tsayawa take yi cik, kuma gwajin da ya tsaya cik ya fi wanda ya faɗi wahalar bincike.

Yawan fayiloli

```python
class GwajinIyaka(unittest.TestCase):
    def test_yawan_fayil(self):
        sakamako = gudanar("""
            import errno, os, resource
            _, babba = resource.getrlimit(resource.RLIMIT_NOFILE)
            resource.setrlimit(resource.RLIMIT_NOFILE, (32, babba))
            rike = []
            try:
                while True:
                    rike.append(os.open(os.devnull, os.O_RDONLY))
            except OSError as e:
                print(errno.errorcode[e.errno], len(rike))
        """)
        self.assertTrue(sakamako.stdout.startswith("EMFILE"))
```

Yawanci `EMFILE 29` zai fito. Uku sun tafi ne tun kafin a fara, domin lambobi 0 da 1 da 2 na mashigar bayanai ne da mafita da mafitar kuskure. Lura kuma cewa a wurin kanel ba fayil na kan faifai kaɗai ne fayil ba. Kowace soket, kowane bututu tsakanin furoses biyu, kowace hulɗa da rumbun bayanai, duk lamba ɗaya-ɗaya suke ci daga wannan rabo.

Wannan gwaji na sama Linux kawai ya gwada, kuma Linux ba ta bukatar mu tabbatar mata da aikinta. Amfaninsa shi ne ka ga siffar kuskuren. Ainihin gwajin shi ne ka cire madaukin `os.open`, ka sa aikin manhajarka a wurin, a ce `karanta_rahoto("misali.csv")`, ka kira shi sau 500 a ƙarƙashin iyakar 32, sannan ka tabbatar `returncode` sifili ne. In aikin na barin fayil ɗaya a buɗe a kowane kira, zai faɗi a kira na talatin ko kafin nan. Yoyon da zai ɗauki makonni kafin ya bayyana a uwar garke, ga shi ya bayyana cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai dai akwai abin lura. CPython kan rufe fayil da kansa da zarar babu sunan da ke riƙe da shi, don haka mantuwa da `close` ba kullum take faɗar da wannan gwaji ba. Yoyon da ke cutarwa shi ne na fayil ɗin da ya maƙale a cikin wani jeri ko ƙamus mai daɗewa, ko lambar da aka karɓa ta `os.open`, wadda babu mai rufe ta sai kai. Don kama sauran, ƙara `-X dev` a umarnin da ke kunna ɗan, sannan ka duba ko kalmar `ResourceWarning` ta fito a `stderr`.

Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan daraja, kuma ba kasafai ake yinsa ba. Cinye lambobin duka da gangan, kamar yadda madaukin sama ya yi, sannan ka kira aikin manhajarka ka ga me za ta yi. A wannan hali `import` ɗin da aka jinkirta zuwa cikin aiki zai gaza, domin shi ma buɗe fayil yake yi. Layin da ke ƙoƙarin buɗe sabon fayil don rubuta rahoton kuskure zai gaza, sai kuskure na biyu ya binne na farko. Uwar garken da ke karɓar baƙi da `accept` kuwa, in an rubuta ta ta sake gwadawa nan take duk lokacin da ta samu kuskure, za ta yi ta juyawa tana cin CPU ɗari bisa ɗari, saboda baƙon na nan a layi bai tafi ba, ita kuma ba ta da lambar da za ta ba shi. Maganin ɗan jinkiri ne kafin sake gwadawa, amma sai ka ga matsalar da idonka za ka san inda za ka sa shi.

Girman fayil

`RLIMIT_FSIZE` ita ce hanya mafi arha ta kwaikwayon faifan da ya cika, ba tare da ka cika faifan ba.

```python
    def test_girman_fayil(self):
        sakamako = gudanar("""
            import errno, os, resource, tempfile
            lamba, suna = tempfile.mkstemp()
            os.unlink(suna)
            _, babba = resource.getrlimit(resource.RLIMIT_FSIZE)
            resource.setrlimit(resource.RLIMIT_FSIZE, (1024, babba))
            print(os.write(lamba, b"x" * 1500))
            try:
                os.write(lamba, b"y")
            except OSError as e:
                print(errno.errorcode[e.errno])
        """)
        self.assertEqual(sakamako.stdout.split(), ["1024", "EFBIG"])
```

Dubi rubutun farko da kyau. An nemi a rubuta bait 1500, kanel ya rubuta 1024 ya dawo da wannan lamba, bai ce an yi kuskure ba. Sai a rubutu na biyu ne `EFBIG` ya fito. Duk manhajar da ke kiran `os.write` ba ta duba lambar da ya dawo da ita, za ta zubar da bait 476 ta ci gaba da harkarta, tana ganin komai ya shiga.

A asali hukuncin wannan iyaka sigina ce, `SIGXFSZ`, wadda ke kashe furoses. Python na toshe kunne ga wannan sigina tun yana tashi, shi ya sa muke samun `OSError` maimakon mutuwa. Amma in manhajarka na kiran wani shiri na waje ta `subprocess`, a ce `tar` ko `pg_dump`, Python na mayar wa ɗan da halin asali, sai siginar ta kashe shi. Don haka ka gwada hanyoyin biyu.

Da `open` na yau da kullum lamarin ya ɗan bambanta, domin Python na tara ƙananan rubuce-rubuce a ma'adana kafin ya aika wa kanel. Kiran `write` zai wuce lafiya, kuskuren ya ɓullo a `flush` ko a `close`, wato a ƙarshen `with`. In `try` ɗinka na cikin `with`, ba zai kama shi ba.

Tambayar da ya kamata gwajin ya amsa ita ce: bayan gazawar, me ya rage a kan faifai? Manhajar da ke buɗe `saituna.json` da `"w"` ta riga ta share tsohon abin da ke ciki kafin ta rubuta ko da harafi ɗaya. In rubutun ya tsaya a tsakiya, an rasa tsoho, sabon kuma guntu ne. Hanyar kirki ita ce a rubuta a fayil na wucin gadi a folda ɗaya, a yi `flush` da `os.fsync`, sannan a sauya da `os.replace`. Rubuta gwajin da zai ajiye tsohon fayil, ya sa iyakar 1024, ya nemi a adana abin da ya fi haka, sannan uban ya buɗe fayil ɗin ya tabbatar tsohon na nan daram, kuma ba a bar guntun wucin gadi a foldar ba.

Lokacin CPU

```python
    def test_lokacin_cpu(self):
        sakamako = gudanar("""
            import resource
            resource.setrlimit(resource.RLIMIT_CORE, (0, 0))
            resource.setrlimit(resource.RLIMIT_CPU, (1, 3))
            while True:
                pass
        """)
        self.assertEqual(sakamako.returncode, -signal.SIGXCPU)
```

Idan sigina ce ta kashe ɗa, `subprocess` na dawo da lambarta da alamar ragi a gaba. Da furoses ya cinye daƙiƙa ɗaya, kanel zai aiko masa da `SIGXCPU`. In bai tanadi mai karɓarta ba, ya mutu ke nan, kuma zai so ya bar hoton ma'adanarsa a kan faifai, wanda shi ya sa muka mayar da `RLIMIT_CORE` sifili. In ya tanada da `signal.signal`, Linux za ta ci gaba da aiko ta sau ɗaya a kowace daƙiƙa har a kai babbar iyaka, inda `SIGKILL` za ta zo, wadda ba a kama ta. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce damar da manhaja ke da ita ta adana aikinta ta fita a mutunce. In ka daidaita su, `SIGKILL` ce kai tsaye.

Iyakar ba ta ƙirga lokacin agogo. Furoses ɗin da ke barci da `time.sleep`, ko yake jiran amsa daga intanet, zai yi kwana bai ci daƙiƙa ɗaya ba. Sannan Python ba ya gudanar da mai karɓar sigina sai ya dawo daga aikin C da yake ciki, don haka dogon lissafi a cikin wani ƙunshi na waje na iya sa gargaɗin ya wuce ba a ji ba, sai dai kisan.

Ma'adana, inda abin ya fi rikitarwa

A Linux iyakar da ake amfani da ita ita ce `RLIMIT_AS`. Akwai `RLIMIT_RSS` mai suna mai jan hankali, amma kanel ɗin Linux na yanzu ba ya aiki da ita ko kaɗan. Za ka sa ta, ta karɓu, kuma ba ta hana komai.

```python
    def test_maadana(self):
        sakamako = gudanar("""
            import resource
            iyaka = 300 * 1024 * 1024
            resource.setrlimit(resource.RLIMIT_AS, (iyaka, iyaka))
            try:
                tari = b"x" * (500 * 1024 * 1024)
            except MemoryError:
                print("ta cika")
        """)
        self.assertIn("ta cika", sakamako.stdout)
```

Wannan zai wuce a Linux. A macOS kada ka dogara da shi, ka tsallake gwajin da `unittest.skipUnless`.

Abin da `RLIMIT_AS` ke aunawa shi ne faɗin adireshin da furoses ya kama, ba yawan RAM da ya taɓa ba, kuma tazarar biyun na iya zama babba. Kowane sabon zare kan kama megabait 8 na adireshi don tarinsa, gwargwadon `ulimit -s` da aka saba, ko da ɗan kaɗan zai yi amfani da shi. Ƙunsoshin lissafi irin NumPy na iya kama adireshi mai yawa tun a `import`. Saboda haka manhajar da ke cin megabait 80 na RAM na iya faɗuwa a ƙarƙashin iyakar 300, kuma ba da `MemoryError` ba, da `RuntimeError` mai cewa an kasa tada sabon zare. Kafin ka zaɓi lamba, duba `VmSize` a `/proc/self/status` bayan an gama duk `import`, ka ɗora abin da kake so a kai.

Ga kuma babbar magana. `MemoryError` ɗin da wannan gwaji ya nuna, da wuya shi ne abin da za ka gani a uwar garke. Linux kan yi wa furoses alkawarin ma'adana fiye da abin da ke akwai, sai lokacin da aka zo taɓa shafukan ne ake neman RAM ta gaske. In babu, kanel zai zaɓi furoses ɗaya ya kashe da `SIGKILL`. Wannan shi ne `Killed`. A cikin kwantenar Docker kuma iyakar ma'adana ba ta hanyar `setrlimit` take zuwa ba, ta hanyar cgroups ce, tsarin da injiniyoyin Google suka fara kuma ya shiga kanel 2.6.24 a 2008. `getrlimit` zai ce maka babu iyaka, alhali kwantenar na da megabait 200. Lambar gaskiya na cikin `/sys/fs/cgroup/memory.max` a cgroups na biyu. Kwantenar da aka kashe ta wannan hanya kan fita da lamba 137, wato 128 a tara da 9, lambar `SIGKILL`.

Don haka gwaji biyu ne daban. Na farko, da `RLIMIT_AS`, na tambayar ko manhaja na kama `MemoryError` ta ba da saƙo mai ma'ana. Na biyu ana yinsa da `docker run --memory=200m --memory-swap=200m`, ko da `systemd-run --user --scope -p MemoryMax=200M -p MemorySwapMax=0`, kuma tambayarsa ita ce: in an kashe ta a tsakiyar aiki, ba `except`, ba `finally`, me za ta tarar idan ta sake tashi? Fayil ɗin kulle da aka bari, aikin da aka yi wa alamar ana kansa amma babu mai yinsa, kuɗin da aka cire daga asusu ɗaya ba a kai ɗayan ba. Na biyun ne ya fi kama da abin da ke faruwa a zahiri.

`RLIMIT_NPROC` kuwa ka bi ta a hankali. Ba ƴaƴan furoses ɗinka kaɗai take ƙirgawa ba, duk furoses da zaren da ke ƙarƙashin sunan mai amfani ne, har da burauzarka, kuma ba ta aiki a kan `root`. Gwajin da ke haihuwar ƴaƴa har sai an hana shi, in aka gudanar da shi a matsayin `root`, ba za a hana shi ba, sai na'urar ta durƙushe. In za ka gwada, sa wa madaukin adadi, kuma ka tsallake idan `os.geteuid()` sifili ne.

Auna abin da aka ci

`resource.getrusage(resource.RUSAGE_SELF)` na dawo da lambobi 16, amma kaɗan ne ke da amfani, domin Linux ba ta cika da yawa daga ciki, sifili kawai take bari. `ru_utime` lokacin CPU ne a cikin manhajarka, `ru_stime` lokacin da kanel ya yi yana yi maka aiki, `ru_majflt` sau nawa aka je faifai ɗauko shafin ma'adana, `ru_maxrss` kuma ƙololuwar RAM da furoses ya taɓa kaiwa.

Wannan ta ƙarshe ita aka fi so, ita kuma ta fi tarko. A Linux da kilobait ake ba da ita, a macOS da bait, don haka gwajin da bai duba `sys.platform` ba zai yi kuskuren ninki 1024. Ƙololuwa ce, ba ta sauka. In gwaji na uku ya kai megabait 400, duk waɗanda suka biyo baya a furoses ɗin 400 za su gani, wanda wani dalili ne na ba kowane awo ɗansa. Da `RUSAGE_CHILDREN` kuma lambar ɗan da ya fi girma ce, ba jimla ba, kuma sai ƴaƴan da suka gama aka karɓi sakamakonsu. In ɗa ɗaya kake son aunawa, `os.wait4` na ba ka nasa shi kaɗai. Ko a nan ma, a Linux ɗa na iya gadon ƙololuwar uba mai nauyi daga lokacin haihuwa, don haka in lambar ta yi maka yawa, sa ɗan ya karanta `VmHWM` daga `/proc/self/status`, wadda ke farawa daga sabo bayan an loda sabon shiri.

Kada ka rubuta gwajin da ke cewa dole a ci megabait 52 daidai. Sabon Python ko wata na'ura za su canza lambar, gwajin ya riƙa faɗuwa babu laifin kowa, har a gaji a cire shi. Auna siffar girman. Ba manhajar fayil mai layi 10,000, sannan mai layi 100,000, kowanne a ɗansa. In an ce tana karantawa layi-layi, ƙololuwar biyu ya kamata su yi kusa da juna. In ta biyu ta ninka sau da yawa, akwai inda ake tara komai. Haka ma lokaci: jimlar `ru_utime` da `ru_stime` ta fi agogo tabbas, domin cunkoson wasu ayyuka a na'urar bai cika shafarta ba. In ka gano ana ci da yawa kana neman layin da ke ci, `tracemalloc` da ya shigo a Python 3.4 shi zai nuna maka, sai dai abin da aka nema ta hannun Python kaɗai yake gani.

Wace lamba za ka sa a gwajin?

Ba lambar da `ulimit` ya nuna maka bayan ka shiga uwar garke ta SSH ba. Wannan ta zamanka ce, kuma daga `/etc/security/limits.conf` takan zo. Manhajar da systemd ke tadawa ba ta bi ta wannan fayil; tata iyakar na cikin fayil ɗin hidimarta, a layi irin `LimitNOFILE=8192`. Mutane da yawa kan gyara `limits.conf`, su fita su dawo, su ga sabuwar lamba, manhajar kuwa na nan a 1024. A Docker `--ulimit nofile=1024:4096` ne ke sa ta, kuma `root` na cikin kwantena ba a ba shi `CAP_SYS_RESOURCE` a tsarin da aka saba, don haka shi ma ba zai ɗaga babbar iyaka ba.

Nemo lambar furoses ɗin da ke aiki, ka karanta `/proc/<lamba>/limits`, ka ƙirga abin da ke cikin `/proc/<lamba>/fd` don ganin nawa ya riga ya ci. Daga Python 3.4 akwai `resource.prlimit`, wanda a Linux 2.6.36 zuwa sama ke karanta iyakar wani furoses daban, har ma ya canza ta yana cikin aiki in kana da izini. Da shi gwaji zai iya tada uwar garken gwaji, ya bari ta zauna daidai, sannan ya matse mata iyakar fayiloli daga waje ya aika mata da baƙi hamsin a lokaci ɗaya. Abin da za ka duba a ƙarshe shi ne ko waɗanda aka riga aka karɓa sun samu amsarsu, da kuma ko ta ci gaba da karɓar sababbi bayan an mayar mata da iyakar, ba tare da an sake kunna ta ba.